TARIHIN DAHUWAR SANNU: DAGA TUKUNYAR ƘASA ZUWA TUKUNYAR LANTARKI



Akwai wata tukunyar lantarki da ta fara bayyana a wajen masu tallar kayan kicin, har wasu iyaye suna tambayar ko a saka ta cikin kayan ɗakin amarya. Wasu na ɗaukarta tukunyar dafa shinkafa ce, wasu kuma suna haɗa ta da tukunyar tururi mai huci wadda ke dafa wake cikin rabin awa. Ba ko ɗaya ba ce. Wannan aikinta shi ne ta dafa abinci a hankali, awa shida, awa takwas, har goma, ba tare da an tsaya a kanta ba. Sunan kasuwa da ta fi shahara da shi shi ne Crock-Pot. Mu a nan za mu kira ta tukunyar sannu.

Kafin mutum ya zaro kuɗinsa a wannan zamani na tsadar gas da gawayi, yana da kyau ya san inda abin ya samo asali, da matsalar da aka ƙirƙire shi don ya magance. Wanda ya bi tarihin zai ga cewa dabarar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, kuma zai iya yanke wa kansa hukuncin irin wadda ta dace da garinmu.

MECE CE TUKUNYAR SANNU?

Sassa uku gare ta. Akwai gangar ƙarfe ta waje wadda aka naɗa wa wayar zafi a ciki. Akwai tukunyar tangaran mai kauri da ake zurawa cikin gangar. Sai murfi mai nauyi, yawanci na gilashi. Wutar da take ja kaɗan ce, galibi daga wat 100 zuwa 250, wato ba ta kai rabin abin da dutsen guga ke ja ba. Zafin yana ratsa tangaran ɗin sannu a hankali har abincin ya kai wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas, ya tsaya nan yana ɗan motsi ba ya ɓararraka. Tururin da ya tashi yana taruwa a murfi ya koma ciki, saboda haka ruwa ba ya ƙonewa, abinci ba ya kamawa.

Me ya sa ake son irin wannan dahuwa? Amsar tana cikin naman da talaka ya fi iya saye. Ƙafar saniya, ganda, kai, wutsiya, jijiya da naman tsohuwar dabba duk cike suke da wani sinadari mai tauri da masana ke kira kolajin. Wuta mai ƙarfi ba ta narka shi da wuri, sai dai ta sa naman ya ƙanƙance ya ƙara tauri. Amma idan ya daɗe cikin ruwan zafi na awanni, sai ya narke ya zama wannan romo mai danƙo da ke kama leɓe. Haka ma wake da gurjiya: lokaci suke buƙata fiye da harshen wuta. Ruwa kuwa idan ya tafasa ba ya wuce digiri 100, ko an ƙara masa itace dami guda. Duk wutar da aka ƙara bayan tafasa, tururi kawai take yi, wato asara.

Hausawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

TUKUNYAR ƘASA A GINDIN DUWATSUN MANDARA

Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce a Afirka ta Yamma. A wani wuri da ake kira Ounjougou a ƙasar Mali, masu haƙar kayan tarihi sun samu gutsattsarin tukwanen da suka haura shekara 11,000, suna cikin mafiya tsufa a duniya. Kusa da mu kuma, a Gajiganna ta jihar Borno, an tono tukwanen mutanen da suka zauna can wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Samuwar tukunya ce ta ba ɗan Adam damar dafa hatsi da wake, domin gashi a kan wuta ba ya yi musu.

A ƙasarmu ta gindin duwatsun Mandara, inda Fali, Gude, Njanyi, Margi, Higi, Fulani da Hausawa suke zaune tare, tukunya tana da matsayi babba. A cikin ƙabilu da yawa na waɗannan duwatsu, ginin tukwane aikin matan gidan maƙera ne: miji yana ƙera fartanya, mata tana gina tukunya, sana'o'i biyu da duk wuta ce uwarsu. Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali, wadda hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta yi suna ne da narka tama. Akwai tukunyar ruwa, akwai ta tuwo, akwai ta miya, kowace da irin yumɓunta da kaurinta. Fulani suna ce wa tukunyar girki fayannde, tuwo nyiiri, miya haako, kuma duk wanda ya tashi a Mubi ya san waɗannan kalmomi ko da ba ya jin Fulatanci sosai.

Mubi ta ga sauyin masu mulki iri-iri. Ta shiga ƙarƙashin daular Fombina ta Modibbo Adama a farkon ƙarni na 19. Jamusawa suka kama ta a 1903, Ingilishi suka karɓe a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka riƙe ta a matsayin yankin amana, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 wadda ta shigar da ita Najeriya, ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Duk tsawon wannan lokaci, abin da ke tsakar gida bai sauya ba: duwatsu uku, itace ko kara, da tukunyar ƙasa mai zagayayyen gindi.

Tukunyar ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, kuma ba ta saurin sakinsa. Wannan shi ne sirrinta. Uwar gida takan hura wuta har tukunya ta tafasa, sai ta janye itacen ta kashe, ta bar garwashi yana aiki. Idan dare ya yi a lulluɓe garwashin da toka, tukunyar ƙafa ko ta wake ta kwana a kai, da asuba a tarar da ita ta yi luguf. Garwashin nan kuma shi za a tona a hura wutar safe, har maƙwabta su aiko yaro ɗiban wuta. Gashin tukunya, langaɓu, farfesun kai, dafaffiyar gurjiya, duk 'ya'yan wannan dabara ce.

Babbar shaidar haƙurin iyayenmu mata ita ce daddawa. Kalwa ba ta laushi sai ta yini ta kwana a kan wuta, a surfa ta, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta da ganye a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Haka ake yi wa 'ya'yan yakuwa a samu daddawar batso, wadda maƙwabtanmu na arewacin Kamaru ke kira mbuja. Duk macen da ta iya daddawa ta san yadda ake tsare zafi a cikin abinci da ganye da tsumma, ko da ba ta taɓa jin sunan wata na'ura ba.

YADDA MUKA BAR TA

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wata sabuwar sana'a ta bazu a Afirka ta Yamma: narka tarkacen alminiyam a zuba a yashi a fitar da tukunya. Wannan tukunya ba ta fashewa, ba ta da nauyi, tana tafasa nan da nan, kuma ana iya ɗora ta a mota zuwa ko'ina. Sannu a hankali ta ture ta ƙasa daga kan murhu. Sai risho ya shigo tare da arhar kananzir na shekarun 1970, kurfoti ya zama abokin masu zaman haya. A shekarun mulkin Janar Sani Abacha, 1993 zuwa 1998, ƙarancin kananzir ya haifar da murhun garin katako wanda har yau ake kira da sunansa. Daga baya gas ya zo.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kawo sauƙi, ba mai musun haka. Amma akwai abin da aka rasa. Alminiyam yana huce wa da zarar an kashe wuta, kuma risho da gas ba su da garwashi. Saboda haka dahuwar da a da ake yi da ragowar zafi kyauta, yanzu sai an biya kuɗin kowane minti nata. Nan ne kanwa ta ƙara samun kasuwa a tukunyar wake, domin tana gaggauta laushi, sai dai yawanta yana lalata wasu sinadaran bitamin B da ke cikin waken.

Sai farashi ya juya mana baya. Gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016, ta janye na fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin dakon komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Mutane suka koma ga itace da gawayi. Wanda ya san bayan garin Mubi shekara talatin da suka wuce, ya dubi yadda itatuwa suka ja baya a yau, da irin nisan da masu itace ke yi kafin su cika kura. Murhun duwatsu uku kuwa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen ne kawai ke shiga tukunya, saura iska ke kwashewa. Hayaƙin kuma yana shiga ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. To kun ga maganar tukunya ta wuce maganar ɗanɗano.

DAGA TANDERUN GARI ZUWA SOKET

Tarihin tukunyar lantarkin ya faro ne daga wata al'ada ta Yahudawan gabashin Turai. Addininsu ya hana su hura wuta ranar Asabar. Don haka ranar Juma'a kafin faɗuwar rana, sai a haɗa wake, sha'ir, dankali da nama a tukunya, a kai gidan mai gashin burodi. Shi ya gama aikinsa ya kashe wuta, amma tanderun yana nan da zafi. Tukwanen unguwa su kwana a ciki, washegari da rana kowa ya aiko a ɗauki tasa. Sunan abincin colent.

Ba su kaɗai ke haka ba. A Alƙahira ta Masar, masu sayar da ful sun daɗe suna binne manyan tuluna na wake a cikin tokar gidajen wanka na gari su kwana. Alhazanmu da suka ci ful da burodi a Makka ko Madina sun ɗanɗani jikan wannan dahuwa. A birnin Marrakesh na Maroko ma, har yau ana kai tulun nama mai suna tanjiya wajen mai hura wutar gidan wanka ya binne a toka. Ko'ina dalilin ɗaya ne: makamashi yana da tsada, kada a bar ragowar zafi ya tafi a banza.

Wani injiniya a Amurka mai suna Irving Nachumsohn, wanda daga baya ya gajarta sunansa zuwa Naxon, ya ji labarin colent daga bakin mahaifiyarsa, wadda ta taso a birnin Vilna na Lituwaniya. Sai ya yi tunanin haɗa tukunyar da tanderun su zama abu guda. Ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1936, aka ba shi a watan Janairu 1940. A shekarun 1950 ya fitar da ita kasuwa da suna Naxon Beanery, wato tukunyar wake. Ba ta yi wani tashe ba.

A 1970 kamfanin Rival na birnin Kansas ya sayi kamfanin Naxon. Ma'aikatan gwajin girkinsa suka gano cewa tukunyar waken nan tana iya dafa nama da miya da sauran abinci. A 1971 aka sake fitar da ita da suna Crock-Pot, a 1974 aka yi wadda ake iya zare tangaran ɗin a wanke. Cinikinta ya tashi daga dala miliyan 2 a 1971 zuwa dala miliyan 93 a 1975. Abu biyu suka jawo haka. Na farko, matan aure da yawa a Amurka sun fara fita aiki, suna son su ɗora girki da safe su dawo da yamma su tarar ya nuna. Na biyu, rikicin man fetur na 1973 ya sa kowa yana lissafin makamashi.

A lura da kyau: tukunyar ta yi nasara a can ne saboda wutarsu ba ta ɗaukewa. An gina ta ne bisa amanar cewa abin da aka kunna ƙarfe bakwai na safe zai kai ƙarfe huɗu na yamma yana kunne.

DAHUWA BA TARE DA WUTA BA

Akwai wani reshe na wannan tarihi wanda ya fi kusa da halin da muke ciki. Manoman arewacin Turai sun daɗe suna tafasa abinci su sauke, su binne tukunyar cikin akwatin da aka cusa wa busasshiyar ciyawa. A baje kolin duniya na birnin Paris a 1867 an nuna irin wannan akwati daga ƙasar Norwe. A lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu, da gawayin kwal da gas suka yi ƙaranci, gidaje a Jamus da Ingila sun koma gare shi. Ciyawar ba ta ƙara zafi, hana shi fita kawai take yi. Abincin da ya shiga yana tafasa zai ɗauki awanni kafin ya sauko ƙasa da zafin da ke dafa shi.

A 2008, lokacin da Afirka ta Kudu ta shiga matsalar ɗauke wuta, wata mata mai suna Sarah Collins ta mayar da wannan dabara jakar yadi mai cike da gutsattsarin soso, mai zariya a baki, ta sa mata suna Wonderbag. A Kenya ma mata suna ɗinka irinta a cikin kwando.

Jakar ta taɓa shiga labaran Najeriya. A watan Nuwamba 2014, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayen murhunan zamani 750,000 da jakunkunan Wonderbag 18,000 a raba wa matan karkara. Mutanen Mubi ba za su manta da wannan wata ba, domin a ƙarshen Oktoba na shekarar ne 'yan Boko Haram suka shiga garin, jama'a suka watse zuwa Yola, Kamaru da kan duwatsu, sai a tsakiyar Nuwamba aka ƙwato shi. A daidai lokacin da matanmu ke haɗa duwatsu uku a gidajen 'yan uwa da sansanonin gudun hijira suna neman ƙirare, ana can Abuja ana maganar biliyoyi da sunan girkinsu. Shirin ya sha suka, ya faɗa cikin taƙaddama tsakanin ma'aikatar muhalli da ɗan kwangila, bai kai inda aka ce zai kai ba. Darasin da ke ciki shi ne, abin da tela na unguwa zai iya ɗinkawa da ragowar atamfa, ba sai an jira kwangila daga sama ba.

WACCE TA DACE DA MUBI?

Bari mu yi lissafi. Tukunyar sannu mai wat 200 idan ta yi awa 8 tana aiki, ta ci yunit 1.6 na wuta. Murhun lantarki mai wat 1,500 idan ya yi awa 2 yana dafa ƙafar saniya, ya ci yunit 3. Ta fuskar kuɗin mita, tukunyar sannu ta yi nasara. Ga ma'aikaciyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko Jami'ar Jihar Adamawa, ko malamar asibiti, ko mai shago a kasuwa, wadda ke fita da safe sai la'asar, abin sha'awa ne.

Matsalar ita ce ɗaukewar wuta. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60. Idan aka zuba ɗanyen nama, wuta ta ɗauke bayan awa ɗaya, ta dawo bayan awa huɗu ba kowa a gida, naman ya zauna a ruwa mai ɗumi tsawon lokacin nan. Ko ya nuna daga baya, wasu ƙwayoyin suna barin dafin da tafasa ba ta kashewa. Don haka wanda ba shi da tsayayyar wuta kada ya kunna ta ya kulle gida. Masu sola suna iya amfani da ita, amma da rana, lokacin da faranti ke ba da wuta. Batir mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗauke da wajen yunit 2.4 ne, kuma irin na ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saboda haka girkin dare ɗaya zai iya durƙusar da shi.

Wanda zai saya ya duba gindinta. Wadda aka yi don kasuwar Amurka tana aiki da bolt 110 zuwa 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, ana jona ta za ta ƙone. Wannan ya fi faruwa da kayan gwanjo. Sauran ƙa'idojin kaɗan ne. A cika ta daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku. A rage ruwa, tunda ba ya ƙonewa. Kada a zuba nama yana ƙanƙara. Kada a riƙa buɗe murfi, domin kowace buɗewa tana mayar da dahuwa baya da kusan minti 20. Wake a fara tafasa shi sosai a kan wuta na aƙalla minti 10, musamman jan wake na ƙasashen waje, wanda ke da wani dafi da ƙaramin zafi ba ya kashewa. Alayyafo, kuɓewa da kuka sai a ƙarshe. Tuwo kuwa ba aikinta ba ne, shi yana son muciya da ƙarfin hannu.

Ga mafi yawan gidajenmu, kwandon dahuwa ya fi dacewa, kuma kayan haɗa shi suna nan a gari. A samu babban kwando, ko kwali mai ƙwari, ko tsohon baho. A ɗinka matasai a cusa musu auduga, ko audugar rimi, ko buntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko busasshiyar ciyawa, ko tsofaffin tsummoki masu tsabta. Kaurin ya kai faɗin tafin hannu ta ko'ina: ƙasa, gefe da sama. A bar rami daidai girman tukunyar da aka fi girki da ita, kada a bar sarari. A yi matashi na musamman wanda zai danne murfi, domin ta sama zafi ya fi gudu.

Yadda ake amfani da shi: shinkafa ta tafasa minti 5, a rufe, a saka a kwando, bayan awa ɗaya ta nuna ba ƙanzo. Wake a jiƙa shi tun dare, ya tafasa minti 15 zuwa 20, ya yi awa 3 zuwa 4 a ciki. Nama mai tauri ya tafasa minti 30, ya yi awa 4 zuwa 5. Ƙafa da ganda idan ba su yi ba, a mayar kan wuta su sake tafasa minti 10, a sake rufewa. Tukunyar ta kasance a cike ko kusa da cika, kuma mai murfin da ke zama daram. A sauke ta tana tafasa a saka nan take, kuma a tabbata babu garwashi manne a gindinta. Idan aka buɗe aka ga ba ta tururi, hannu yana iya taɓa jikinta, to a sake tafasawa kafin a ci. Kada a bar shinkafa ta kwana a ciki tana ɗumi-ɗumi.

A duba abin da aka samu. Waken da ke cin wuta awa biyu ya koma cin minti ashirin. Mai girki ta bar gaban hayaƙi, ta samu lokacin sana'arta ko karatunta. Yara ba sa kewaya tukunya mai tafasa. A watan azumi ana iya ɗora farfesu da azahar a tarar da shi da zafi lokacin buɗa-baki. A Babbar Sallah, kai da ƙafar layya ba sai sun cinye buhun gawayi ba. Masu sayar da shinkafa da wake ko ƙafar saniya a bakin kasuwa da tasha su ne za su fi ganin bambancin a aljihu, tunda makamashi na cikin manyan abubuwan da ke cinye ribarsu. A garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, inda kai da ƙafa da kayan ciki ba sa yankewa a mahauta, irin wannan dahuwa ta fi ko'ina amfani.

Wadda kuma ke da tukunyar ƙasa a kusurwar ɗaki, ta fito da ita. Idan aka haɗa ta da kwando, an samu kusan abin da Naxon ya ƙera: yumɓu mai riƙe zafi a ciki, abin tsare zafi a waje, ba tare da waya ba. Sayen ta kuma taimako ne ga matan ƙauyukanmu da har yanzu ke gina tukwane suna kawowa kasuwa, waɗanda sana'arsu ke neman ɓacewa.

Shawara ga ƙungiyoyin mata, makarantun Islamiyya na matan aure, majami'u da masu koyar da ɗinki: wannan abu ne da za a iya koyarwa a zama ɗaya. Tela ɗaya, ragowar yadi, buhun buntu, da tukunyar wake don gwaji a gaban kowa. Idan an ga waken ya nuna, ba sai an yi dogon bayani ba. Iyayenmu tsofaffi da suka san kwanan tukunya a kan garwashi suna nan da ransu, a tambaye su tun suna iya faɗa.

Allah Ya sa albarka a abincinmu, Ya sauƙaƙa wa iyayenmu mata wahalar murhu, Ya ƙara wa Mubi da Adamawa zaman lafiya. Amin.